Kuɗin gahawa ka biya, ko kuɗin mutuncin mai haɗa ta?

Ummu Hanan: Assalamu alaikum jama'ar gida. Kusan duk mako sai an turo mana bidiyo: wani yana surfa wa ma'aikaciyar shagon gahawa zagi don an zuba masa madarar da bai ce ba, wata ta watsa wa yaro abin da ke cikin kofinta a ƙirji. Mu yi Allah wadai, wasu su yi dariya, mu wuce. Ina so in ji daga bakin masu aikin, in akwai su a nan. Haka abin yake kullum, ko na bidiyo ne kawai? Kuma laifin wa?

Mai Kumfa: Wa alaikumus salam Anti. Aikina ke nan. Watsa wa mutum gahawa ba kullum ake yi ba, shi ya sa ma ake ɗaukarsa a waya. Abin da ke cin rai shi ne ƙananan abubuwan da ba wanda zai ɗauka. Ka yi wa mutum sannu da zuwa, ko ɗago kai ba zai yi ba, yana waya yana nuna maka allo da yatsa. Ka miƙa hannu karɓar kuɗi, ya jefa su a kan kanta. Wani ya kaɗa maka yatsu. Wani ya ce abu kaza yake so, ka maimaita masa ya ce e, ka haɗa, ya kurɓa ya rantse ba haka ya ce ba. Ɗaya ɗaya ba komai ba ne, amma a tara maka su daga asuba zuwa azahar kana tsaye.

Kuma akwai abin da mai jira ba ya gani. Injin esfireso, wato mai matso gahawa mai ƙarfi, sai ya ɗauki daƙiƙa 25 zuwa 30 kafin ya tsiyayo abin kirki. Madara sai tururi ya kai ta wajen digiri 60 zuwa 65, in ta wuce ta ƙone, in ba ta kai ba a dawo maka da ita. Tsawa ba ta rage ko daƙiƙa ɗaya a ciki. To mutum ya shigo ya ga mutum uku a layi, ya ce a ransa yanzu zan fita. Bai san na'urar da ke bayana tana ta tofo takardun odar waɗanda suka saya ta manhaja suna gida ko suna mota ba. Layin gaske a waya yake, shi kuma fuskata kaɗai yake gani.

Baban Sadiq: To ni dai bari in zama baƙin gidan. Kuɗina na biya, ba kyauta aka ba ni ba. Sau tari sai ka tarar da ma'aikatan suna hira da juna, fuska a murtuke, kai kana tsaye kamar ka zo roƙo. A rubuta sunanka ba daidai ba, a ba ka abu mai sanyi, ka yi magana a harare ka. Shi wannan ba wulaƙanci ba ne? Ko kwastoma ba shi da mutunci?

Gimbiya: Baban Sadiq, yana da shi mana. Ba wanda ya ce kar ka yi ƙorafi. Ka ce "wannan ya huce, a sake mini", wallahi ba mai jin haushi, hakkinka ne. Amma daga "a sake mini" zuwa "ke jaka ce, shi ya sa kika ƙare a nan" akwai tafiya mai nisa. An faɗa mini wannan a gaban jama'a. Kuma ka san abin da ya fi zagin ciwo? Manajan ya fito ya ba mutumin haƙuri, ya ba shi takardar shan gahawa kyauta, ni kuma ya ce in je in wanke fuskata in dawo. Washegari mutumin ya sake zuwa da ƙarfinsa, don ya koyi cewa zagi yana biya.

Mai Kumfa: Nan ne gaɓar, Yaya Gimbiya. Mahaukacin kwastoma akwai shi a kowace sana'a. Abin tambaya shi ne me shago yake yi idan ya bayyana.

Kawu Bala: 'Ya'yana, duk wanda ya fito neman halal sai ya haɗiye wasu abubuwa. Mu ma mun yi bauta a ƙarƙashin mutane, mun ji abin da ya fi wannan, ba mu mutu ba. Haƙuri maganin zaman duniya. Yaran yanzu abu kaɗan sai a ce an taɓa musu lafiyar ƙwaƙwalwa.

Gimbiya: Kawu, Allah ya ƙara girma, ba mu ƙi haƙuri ba. Amma me ya sa kullum ɓangare ɗaya ake wa wa'azinsa? Ban taɓa jin an ce wa mai jiran gahawa ya yi haƙurin minti biyar ba.

Ɗan Ƙwadago: Ku ba ni dama in sa baki, don wannan fannin nake bibiya. Kawu, abin da kake kira haɗiyewa, masana sun daɗe da gane cewa aiki ne mai zaman kansa. Tun 1983 wata masaniyar zamantakewa Ba'amurkiya, Arlie Hochschild, ta yi nazari a kan ma'aikatan jirgin sama, ta nuna cewa danne ɓacin rai da ƙaƙalo murmushi don kamfani ya samu ciniki wahala ce da ake saye da albashi, kuma tana gajiyar da mutum kamar ɗaukar kaya. Mai haɗa gahawa yana yin aiki biyu a lokaci guda, na hannu da na fuska, ana biyansa na ɗaya.

Sannan duniya ta wuce matakin ɗaukar abin a matsayin halin mutane kawai. A watan Yunin 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, ta fara aiki a 2021. Muhimmin abin da ke cikinta shi ne ba ta tsaya kan maigida da abokin aiki ba, ta haɗa da mutanen waje irin su kwastomomi. Koriya ta Kudu tun Oktoban 2018 ta ɗora wa mai kamfani alhakin kare ma'aikacin da kwastoma ya zaga, har da ba shi damar dakatar da aikin ya huta, kuma ba a yarda a hukunta shi don ya nemi hakan ba. Birnin Tokiyo, inda aka san su da girmama mai saye fiye da ko'ina, sai da suka kafa dokar hana kwastoma cin zarafin ma'aikaci, ta fara aiki a Afrilun 2025.

Baban Sadiq: Wato yanzu in na ɗaga murya a ɗaure ni?

Ɗan Ƙwadago: A'a ranka ya daɗe, ta Tokiyo ma babu tara ko ɗauri a cikinta, kuma ta ce a mutunta ƙorafin da ke bisa hanya. Amfaninta shi ne manaja ya samu abin da zai dogara da shi ya ce wa mutum fita, maimakon ya ba shi kyauta.

Anti Hajjo: Na yi ta karatu ina shiru, amma tunda an fara jifan masu shago bari in yi magana. Ina da ɗan ƙaramin shagon gahawa, ma'aikatana ba su da yawa. Ku sani ba duk manajan da ya ba mai zagi haƙuri ne mugu ba. Tsoro ne. Mutum ɗaya ya fita da fushi ya je intanet ya ba ka tauraro ɗaya, ya rubuta ƙarya da gaskiya, ya jawo abokansa su ma su rubuta alhali ba su taɓa taka ƙofarka ba. Babban kamfani ba zai ji ba. Ni kuwa ina ji a cinikin mako. Ga haya, ga wuta, ga madara da ke lalacewa in ba a sayar ba. Ribar da kuke zato ba ta kai haka ba.

Duk da haka na kori kwastoma, kuma zan sake. Wani ne da ya mayar da shagon wurin farauta. Ya san lokacin da wata yarinyata take aiki, ya zauna kusa da kanta yana tambayarta ƙarfe nawa take tashi, tana da aure ko babu, ya kira sunanta da ya gani a ƙirjin rigar aiki kamar sun saba. Yarinyar ta fara neman a canza mata ranaku ba ta faɗi dalili ba. Da na gane, na same shi na ce kar ya sake zuwa. Daga nan na cire sunayen gaskiya daga rigunan aiki gaba ɗaya, kowa ya zaɓi laƙabin da yake so.

Gimbiya: Allah ya saka miki Anti. Wannan na mata kam ba a ma fara maganarsa ba. "Yi murmushi mana, kin fi kyau in kina dariya." A riƙe miki hannu lokacin karɓar canji. A jira ki a waje bayan an rufe. Kuma ba ki da inda za ki matsa, kanta ce a gabanki, inji a bayanki, layi yana kallo. In kin haɗe rai a ce ba ki da fara'a, in kin sake fuska a ce ke kika ba da ƙofa.

Ummu Hanan: Innalillahi. Ni duk tunanina a kan masu ihu yake, ban kawo wannan ba.

Mai Kumfa: Anti Hajjo, ina ma duk masu shago irinki ne. Amma ki yarda da ni a kan abu ɗaya: rabin faɗan da ake yi a bakin kanta, a ofis aka ƙulla shi. In aikin mutum huɗu aka ba mutum biyu don a rage kuɗin albashi, dole layi ya yi tsawo, dole a yi kuskure, dole wani ya fusata. Wanda ya tsara jadawalin yana zaune a wani wuri, ba shi za a zaga ba.

Misalin da kowa zai iya dubawa: a 2020 kamfanin Pret A Manger na Birtaniya, mai shagunan gahawa da abinci, ya fito da tsarin biyan fam 20 a wata ka sha har kofi biyar a rana. Jama'a suka yi ca, ma'aikata suka yi ta kukan aiki ya fi ƙarfinsu, kwastomomi kuma suna fushi don an ce musu abin da suke so ya ƙare. Wa ya yanke shawarar? Ba mai riƙe da butar madara ba. Haka Starbucks, babban kamfanin shagunan gahawa: tun 2015 suka baza yin oda ta waya a Amurka, har ta kai kusan kashi 30 cikin 100 na cinikin shagunansu a can. Sabon shugabansu Brian Niccol da ya zo a 2024 shi da kansa ya yarda odar waya tana cushe shaguna, ya ce burinsa a miƙa wa mutum abinsa cikin minti huɗu. To madalla, amma minti huɗun da hannu nawa?

Baban Sadiq: Wannan kuma tsakaninku da iyayen gidanku ne. Ni me ya shafe ni da jadawalinku? Na shigo da kuɗina, in fita da abina.

Mai Kumfa: Ya shafe ka Baba, tunda kai ne kake tsayuwar. Da ni da kai duk abu ɗaya ya cuce mu, sai dai kai kana da wanda za ka huce a kansa.

Ɗan Ƙwadago: Maganar jadawali ta fi yadda ake zato nauyi. Akwai abin da ma'aikatan ke kuka da shi ƙwarai: a sa ka rufe shago da dare, ka wanke inji, ka goge ƙasa, ka ƙirga kuɗi, sannan kai ne za ka buɗe da asuba. Cire lokacin hanya, barcin awa nawa ya rage? Wannan mutumin ne zai tsaya gaban tururi mai ƙuna, kuma shi ake so ya tuna wane ne ya ce madarar shanu tana tayar masa da rashin lafiya. Kuskure a nan ba na ɗanɗano ba ne, yana iya kai mutum asibiti.

A Tarayyar Turai doka ta ce a ba ma'aikaci hutun awa 11 a jere a kowace rana. Birnin Niyok ya kafa tasa a 2017 ga manyan kamfanonin abincin gaggawa: a ba ka jadawalinka kwana 14 kafin lokaci, kuma in za a sa ka rufewa da buɗewa babu awa 11 a tsakani, sai da yardarka, a kuma ƙara maka dala 100. Siyatil, garin da Starbucks ya samo asali, ta sa awa 10 a 2017 ɗin. A wurare da yawa kuwa babu ko ɗaya, sai saƙon waya da dare: gobe ka zo, ko gobe kar ka zo, ba ciniki. Yaya mai ɗa ko ɗalibi zai tsara rayuwarsa a haka?

Kawu Bala: To in aikin ya yi musu zafi su bari mana. Dole aka yi musu?

Gimbiya: Suna bari kuwa Kawu, ni ma na bari. Shi ya sa duk zuwan da za ka yi sabuwar fuska za ka gani, wadda ba ta gama koyon aikin ba, ta yi kuskure, a zage ta, ita ma ta tafi. Har yau wuyan hannuna na dama yana mini ciwo in sanyi ya shigo, saboda danna garin gahawa da murɗa hannun inji. Ba a maganar ƙunar tururi a yatsu, wannan kowa yana da tabonsa.

Ɗan Ƙwadago: Wasu kuma maimakon su bari sai suka haɗa kai. A Disambar 2021 ma'aikatan wani shagon Starbucks a garin Bafalo na jihar Niyok suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago, 19 suka yarda 8 suka ƙi. Shago ɗaya tak. Zuwa ƙarshen 2024 shaguna sama da 500 sun bi sahu. A Nuwamban 2022 sun yi yajin aiki a shaguna fiye da 100 a ranar da kamfanin ke rabon jan kofi kyauta, wato ɗaya daga cikin ranakun da layi ya fi tsawo, kuma ƙarancin ma'aikata na cikin manyan koke-kokensu. Sai dai kar in yi muku daɗin baki: shekara uku bayan ƙuri'ar Bafalo ba a sa hannu kan yarjejeniyar farko ba, har suka sake fita yaji a Disambar 2024. Kafa ƙungiya daban, samun biyan buƙata daban.

Anti Hajjo: Wannan na manya ne Malam. A shago irin nawa ƙungiyar ita ce mu zauna bayan an rufe kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Mai Kumfa: In maigida yana ji ba, Anti. Wani kana buɗe baki za ka ga an rage maka ranaku a jadawalin mako mai zuwa. Ba a kore ka ba, yunwa ce za ta kore ka.

Baban Sadiq: Tunda ana tone-tone, ga nawa ƙorafin na biyu. Wannan allon da ake juyo maka da shi bayan ka biya, wai ka zaɓi tukuicin da za ka bayar, ma'aikaci yana tsaye yana kallon yatsanka. Wannan ba tilastawa ba ce? Ku biya ma'aikatanku mana, ku daina ɗora mana.

Gimbiya: A nan kam mun haɗu, Baban Sadiq. Mu ma kunya yake ba mu, da yawa kau da kai muke yi in mun juya shi. Kuma tukuici yana cikin abin da ke sa a shanye wulaƙanci. In kuɗin motarki ya dogara da jin daɗin mutum, yaya za ki ce masa ya sakar miki hannu?

Ɗan Ƙwadago: Amurka ce ta fi nisa a wannan. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, bai motsa ba tun 2009. Ga wanda ake lissafa shi cikin masu karɓar tukuici kuwa, doka ta yarda a biya shi dala 2.13, adadin da ke nan tun 1991, da sharaɗin in tukuicin bai cike giɓin ba maigida ya cike. Jihohi da dama sun ɗaga nasu sama da haka, kuma manyan kamfanonin gahawa suna biyan fiye da wannan, amma tunanin cewa kwastoma ne zai ƙarasa albashi daga nan ya yi jijiya. Akwai kuma tambayar ko kuɗin yana isa hannun mai shi. A Birtaniya sai da aka yi doka, ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2024, cewa tukuici gaba ɗayansa na ma'aikata ne, kamfani ba zai yanki komai ba. Ba a yin irin wannan doka sai an ga ana yanka.

Ummu Hanan: To mu da muke cikin layi fa? In na ga ana ci wa yarinya mutunci a gabana, in sa baki ko in yi shiru? Ina tsoron kar in ƙara hura wutar. Ko in ɗauka a waya?

Mai Kumfa: Kar ki yi faɗa da shi Anti, mu zai dawo wa. Ki kira manaja ki ce ina gani, ba laifinta ba ne. Shaidar kwastoma ta fi tamu nauyi sau goma a kunnensu. In kin samu hali ki rubuta wa shagon, ki faɗi rana da lokaci, don shi mai zagin zai rubuta nasa, kuma in nasa kaɗai ya isa ofis shi za a ɗauka.

Waya kuma a yi hattara. A 2020 lokacin korona wata mata a San Diyego ta sa hoton wani mai haɗa gahawa a Facebook don ta kunyata shi saboda ya nemi ta sa takunkumi. Abin ya juye mata, jama'a suka tara masa sama da dala 100,000. Kowa yana son wannan labarin, amma mutum ɗaya ne ya dace. Sauran da aka watsa fuskokinsu ba abin da suka samu sai baƙi suna zuwa shago kallonsu, wani ma a sallame shi don kamfani ba ya son surutu. In za ki ɗauka don shaida, ki ba ma'aikaciyar ko manaja, kar ki watsa.

Gimbiya: Su kuma masu aikin, ku riƙa rubutawa. Ranar da abin ya faru, ƙarfe nawa, wa ke wurin, me manaja ya ce. Ku tura ta saƙo, ba da baki ba. Kyamarar shago ba ta ajiye hoto har abada, in za ku nemi a duba ku nema da wuri.

Baban Sadiq: Na ji duka. Amma har yanzu ba wanda ya ba ni amsar masu hira da juna ina tsaye.

Anti Hajjo: Wannan ka same ni kai tsaye ka faɗa mini, Baban Sadiq, ni zan yi musu magana, kuma ina yi. Akwai malalata a cikinsu, ba na musu. Abin da ba zan lamunta ba shi ne ka hukunta su da kanka a gaban mutane. Allon tukuicin kuwa ban cire ba tukuna, don su suka ce in bar shi. Amma na sa an mayar da maɓallin "babu" ya yi girma daidai da sauran, kuma na ce mai karɓar kuɗi ya juya ya kama haɗa odar kafin mutum ya taɓa.